Yadda ɗalibin zanen tsara fasali zai auna ƙarfinsa da rauninsa

Idan ka tambayi ɗalibin zane inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, amsar da za ka fi ji ita ce ya iya fuska amma hannu yana ba shi wahala, ko kuma launi ne matsalarsa. Sau da yawa wannan amsa daga zato take fitowa, domin mutum yana tuna zanen da aka yaba masa, yana kuma mance guda goma da ya yage ko ya bari a rabi. Wannan jagora ta tsaya ne a kan abu guda, wato ɗalibi ya daina auna kansa da abin da yake ji a ransa, ya koma auna kansa da ayyukan da hannunsa ya riga ya yi.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a daidaita a kan ma'aunin kansa. Zanen tsara fasali shi ne zanen da ake yi kafin a ƙera abu: kafin tela ya ɗinka kayan ɗan wasa, kafin a gina wurin da za a ɗauki fim, kafin mai aiki da kwamfuta ya ƙera halittar da za ta yi motsi a katun ko a wasan bidiyo. Mai wannan zane yana ba wasu ma'aikata amsar tambayar yadda abu zai kasance ne, don haka kyau kaɗai ba ya wadatar da aikinsa. Zanen da ya burge ido amma maƙeri ya kasa gane inda ƙofa take buɗewa ya faɗi jarrabawa, ko da mutum dubu sun yaba shi a Facebook.

Mataki na farko shi ne tattara shaida. Ka fito da duk abin da ka zana a watanni shida da suka wuce, har da na bayan littafin darasi da waɗanda kake jin kunyar a gani, ka shimfiɗa su a kan tabarma bisa jerin kwanan wata. Waɗanda ke cikin waya ko kwamfuta ka jera su ƙanana a fuska ɗaya yadda ido zai ɗauke su gaba ɗaya. A ganina ƙasa da zane talatin ba ya nuna ɗabi'ar hannu, yana nuna sa'a ko rashinta ne kawai. A jikin kowane zane ka rubuta abu uku: tsawon lokacin da ya ci, ko kana kallon hoto ka yi shi ko daga ka ya fito, da kuma wurin da ka tsaya idan ba ka gama ba. Wannan na ukun ya fi sauran amfani. Idan ka ga zane bakwai duk an bar su daidai lokacin da aka zo ƙafafu, ko daidai lokacin da ya kamata a sa bango da titi a bayan mutum, to ka sami raunin da bakinka bai taɓa faɗa ba.

Ka lura kuma da abin da babu shi sam a kan tabarmar. Ɗalibin da bai zana mota ko gini ko ɗaya ba cikin wata shida ba zai ce yana da rauni a wurin ba, tun da bai taɓa ganin kansa ya gaza ba, alhali gujewar ita ce alamar.

Mataki na biyu ya fi kowanne tsawo, kuma shi ne gwada kowane sashe na sana'ar shi kaɗai. Sana'ar ta kasu gida biyu, akwai gwanintar hannu, akwai kuma gwanintar tsarawa, kuma ba dole ba ne su tafi tare a wurin mutum ɗaya.

A ɓangaren hannu, a fara da ƙa'idar nesa da kusa. Ɗauki zanen gini ko titi da ka yi, ka sa rula a kan layukan da suka nufi ciki, irin su saman bango da gindinsa da layin tagogi, ka ja su har su haɗu. Idan layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri suka haɗu a ɗigo ɗaya a kan layin tsayin ido, hannunka ya san ƙa'idar. Idan kowanne ya kama gabansa, ido ne yake ta lalube. Akwai gwaji na biyu mai sauƙi: mutane masu tsayi ɗaya da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen fili marar tudu, layin tsayin ido zai ratsa su a wuri ɗaya na jiki komai nisansu, idan a kafaɗa ya ratsa na kusa, a kafaɗa zai ratsa na nesa. Daga nan sai ka zana Keke Napep daga kusurwa uku ba tare da hoto a gabanka ba, daga gaba ta gefe, daga baya, da kuma daga sama kamar kana tsaye a kan gadar Kawo da ke Kaduna kana leƙen ƙasa. Tayoyin ne za su tona asiri. Da'irar da aka kalla ta gefe takan zama mai siffar ƙwai, kuma gajeren faɗinta dole ya bi layin sandar da ta riƙe tayar. Idan bai bi ba, keken zai yi kama da wanda ya yi haɗari.

Sai haske da duhu. Ka mayar da zanenka mai launi zuwa fari da baƙi, abin da kowace waya take iya yi, sannan ka rage girmansa ya koma kamar kwalin ashana. Idan har yanzu ana gane abin da ke gaba da abin da ke baya, kuma ido yana sauka inda kake so ya sauka, to ginshiƙin yana da ƙarfi. Idan komai ya narke ya zama toka-toka, launi ne yake rufa maka asiri tun farko. Yawancin ɗaliban da ke kukan launi matsalarsu a nan take. Mazaunin Kaduna yana da malami kyauta a wannan darasi, wato hazon hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da bishiyoyin tsallaken kogi suke yin fari-fari, bambancin haske da duhunsu ya ragu, na kusa kuwa su tsaya da duhunsu. Ka duba ko wannan bambanci yana cikin zanenka, ko kuwa dutsen da ke nesa yana da baƙi daidai da na mutumin da ke gaba.

Ƙirar jiki tana da tarko na musamman a wurinmu, domin tufafinmu masu yalwa ne. Babbar riga da hijabi da zane suna ba ɗalibi damar zana mutum ba tare da ya san inda gwiwa ko ƙugu suke ba. Gwajin shi ne ka ɗora takarda shara-shara a kan zanen, ka zana gangar jikin da ke ƙarƙashin rigar. Babban mutum tsayinsa yakan kai kimanin kai bakwai da rabi idan aka auna da tsayin kansa, gwiwar hannu tana sauka wajen ƙugu, yatsu kuma wajen tsakiyar cinya. Idan jikin da ka fitar yana da hannu ɗaya da ya fi ɗaya tsawo, ko nauyinsa bai sauka a kan ƙafar da ya dogara da ita ba, rigar ce ta ɓoye laifin. Ka ƙirga kuma sau nawa ka sa hannu a aljihu ko a baya, sau nawa ciyawa ta rufe ƙafa. Ɗaga zanen a gaban madubi, ko juya shi hagu zuwa dama a kwamfuta, yana fito da karkatar da ido ya saba da ita har ya daina gani.

Ɓangaren tsarawa shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne wanda ɗalibai ba su cika gwada kansu a kai ba. Gwaji na farko shi ne na baƙar siffa. Ka cike mutanen da ka tsara da baƙi ƙirin yadda babu abin da ya rage sai iyakar jikinsu, ka nuna wa ƙanenka, ka tambaye shi wane ne dogari, wane ne mafarauci, wane ne ɗan dako. Idan ya kasa bambance su, mutum ɗaya kake ta zanawa kana canza masa kaya.

Gwaji na biyu shi ne na yawan zaɓi. Ka ba kanka aiki ɗaya, misali tsara kurar mai sayar da ruwa kamar yadda za ta kasance nan da shekara hamsin, ka sa agogo na awa ɗaya, ka yi ƙananan zane ashirin, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Bayan ka gama ka ƙirga nawa ne suka bambanta da juna a asali, ba a kwalliya ba. Wanda ya fitar da tunani takwas ko goma mabambanta yana da ƙarfi babba ko da layinsa yana rawa. Wanda ya maƙale a na uku ya koma gyara na farko yana sa masa inuwa, to rauninsa a tunani yake, kuma kyawun hannunsa ba zai rufe shi a wurin aiki ba, inda daraktan zane yake son ganin hanyoyi da yawa kafin ya zaɓi ɗaya. Ka duba kuma ko ka yi wa kanka tambayoyin da aikin yake buƙata. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, jarka goma kilo 250 ke nan. Shin tayoyin da ka zana za su ɗauki wannan nauyi a lungun da babu kwalta lokacin damina? Ina mai kurar zai riƙe idan yana gangara? Ta ina ake sauke jarkar da ke tsakiya?

Gwaji na uku shi ne wanda na fi yarda da shi, kuma Kaduna ta sauƙaƙa shi. Ka zana abin daga gaba da gefe da baya, ka rubuta awo, ka ɗauki takardar ka tafi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, ka sami mai walda da ba ya cikin tsananin aiki, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce, "Maigida, don Allah da za a kawo maka wannan, za ka iya haɗa shi?" Duk tambayar da ya yi maka, ko kaurin ƙarfen nawa ne, ko wannan wurin lanƙwasa ne ko haɗi, giɓi ce a zanenka, sai ka rubuta ta. Idan tufafi ka tsara, tela ne alƙalinka, shi zai tambaye ka inda ɗinki ya bi da yadda ake sa rigar a cire ta. Waɗannan mutane ba ruwansu da yi maka kara a kan zane, abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba kawai suka sani.

Mataki na uku shi ne gano dalilin kowane rauni, domin maganin ya dogara da dalilin. Wani rauni rashin sani ne, ba a taɓa koya maka ƙa'idar ba, kuma darasi ɗaya mai kyau yana iya buɗe ta. Wani ƙarancin maimaici ne, ka san ƙa'idar a ka amma hannu bai saba ba, shi kuwa ba shi da magani sai yawan zane. Wani na kayan aiki ne: fuskar waya ƙarama ce, wuta ba ta tsayawa, data tana da tsada. Wannan gaskiya ne, amma a yi hattara da shi, domin shi ne dalilin da ya fi daɗin fakewa. Manhajojin Krita da Blender kyauta ake sauke su, manhajar zane ta ibisPaint tana aiki a waya, kuma duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama ban da na launi ana yin su da fensir da takarda. Rashin allon zane na kwamfuta yana rage sauri wajen gamawa, amma ba shi ne ya karkatar da tayar keke ba.

Akwai kuma ɗaliban da ba sa zana mai rai saboda dalilin addini, nasu ko na gidansu. Hukuncin wannan na malamai ne, jagorar zane ba ta da hurumi a ciki. Abin da ya shafe mu shi ne kada ɗalibi ya rubuta wannan a jerin rauninsa, domin zaɓi ne, kuma sana'ar tana da rassa cikakku na tsara wurare da gine-gine da ababen hawa da kayan amfani, waɗanda mutane suke ƙwarewa a kansu su kaɗai. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya faɗa wa kansa gaskiya, ko imani ne ya hana shi ko tsoron zana yatsu.

Mataki na huɗu shi ne tantance ƙarfi, kuma ya fi tantance rauni wuya, saboda yabo yana shiga tsakani. Abu ba ya zama ƙarfinka sai ya cika sharaɗi uku: ya bayyana a ayyuka da yawa, ya bayyana a lokacin da ba kwafi kake yi ba, ya kuma tsaya ko da an matsa maka da lokaci. Ɗalibai da yawa a nan sun shigo zane ta hanyar kwafin hoton fuska da fensir, har a kasa bambance zanen da hoton. Wannan yana nuna ido mai lura da haƙuri mai yawa, kuma dukansu jari ne, sai dai ka rubuta su da sunansu na gaskiya, wato lura da haƙuri, kada ka rubuta cewa ka iya tsara mutum, tun da hoton ne ya yanke duk shawarar.

Ƙarfin da na ga an fi rainawa shi ne abin da ido ya tara tun yarinta. Ɗalibin da ya tashi yana ganin hawan salla a Zariya ya san yadda lifidi yake zama a jikin doki da yadda rawani yake canza siffar kai, abin da wani mai zane a Turai zai kwana yana nema a intanet bai samu daidai ba. Jihar Kaduna ce gidan Nok, ƙauyen da aka sa wa tsoffin gumakan yumɓun sunansa, waɗanda aka fara tonowa a wajen haƙar kuza a 1928, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu. Wanda ya tsaya ya zana idanunsu masu kusurwa uku da hujin ƙwayar ido da kitsonsu iri-iri zai koyi yadda ake sauƙaƙa siffa ba tare da ta rasa halinta ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya kasance darasi a kan yadda baka da azara suke ɗaukar rufi kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, ga kuma zankwaye da adon bango na gidajen birni. Ba yau aka fara wannan tunani ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a haɗa dabarun da aka koya a aji da siffofin gida. Amma a nan ma sai an gwada. Manna dagi a ƙirjin kowane jarumi ba ya nuna sanin gida. Sanin gida shi ne ka iya bayyana dalilin kaurin bangon ƙasa, ko bambancin aska biyu da aska takwas a wuyan riga da irin mutumin da zai sa kowacce, sannan wannan sani ya canza abin da ka tsara.

Mataki na biyar shi ne aron idon wasu. Al'adarmu ta kara tana sa aboki ya ce "Masha Allah, ya yi kyau" ko da ya ga kuskure, saboda haka tambayar ko ya yi kyau ɓata lokaci ce. Ka yi tambayar da ba a amsa ta da yabo: "Malam, ina idonka ya fara sauka?" ko "Yaya, a ganinki wannan mutumin mece ce sana'arsa, kuma shekarunsa nawa?" Ka nemi mutum uku, malami ko wanda ya girme ka a sana'ar, abokin karatu, da wanda bai san zane ba sam. Yayin da suke magana ka rubuta, kada ka kare kanka, domin a wurin aiki zanen zai tafi ba tare da kai ba. Abin da mutum biyu suka faɗa ba tare da sun haɗa baki ba ya shiga jerinka, abin da mutum ɗaya ya faɗa ya jira. Idan za ka kwatanta kanka da na waje a ArtStation, shafin intanet da masu zane suke baje ayyukansu, ka nemi kundin ayyukan waɗanda ba su daɗe da samun aikin farko ba, domin su ne ma'aunin ƙofar shiga, ba wanda ya shekara ashirin a sana'ar ba.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da duk wannan takarda ɗaya. Ka rubuta ƙarfi biyu da rauni uku, kowanne da shaidarsa, misali a maimakon "ban iya gini ba" ka rubuta "a zane biyar cikin shida layukan bango ba su haɗu a ɗigo ɗaya ba". Daga cikin raunin ukun ka zaɓi ɗaya tak, wanda sauran suka dogara a kansa. Nesa da kusa yana gaban ƙirar jiki, tun da ƙirji da ƙugu ma akwatuna ne da ke juyawa a sarari, haske da duhu kuma yana gaban launi. Ka ba shi mako shida, minti arba'in da biyar kullum, kuma bayan asuba da gari ya waye ya fi, lokacin da ba ka buƙatar wuta. Ranar farko ka yi zanen gwaji ɗaya cikin awa ɗaya, ka sa kwanan wata, ka ajiye shi inda ba za ka riƙa kallonsa ba. Idan nesa da kusa ka zaɓa, mako biyun farko akwatuna da gwangwanaye ne daga kowace kusurwa, na uku da na huɗu abubuwan gida irin su bokiti da kujera da janareta, na biyar da na shida kuma fita waje, ka zauna a gefen rumfunan Kasuwar Barci bayan ka nemi izinin mai rumfa, ko a harabar makarantarku, ka zana abin da ke gabanka.

A duk tsawon makonnin nan kada ka ajiye abin da ka ƙware a kai. Ka ware yini ɗaya a mako ka yi aikin da ƙarfinka yake jagoranta, domin daga nan ne kundin da za ka nuna wa masu ɗaukar aiki zai fito, kuma shi ne zai hana ka gajiya da akwatuna. Ranar da mako na shida ya cika, ka sake yin zanen gwajin nan, abu ɗaya, awa ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, ka fito da na farkon ka ajiye su gefe da gefe, ka sa rula a kan layukan duka biyun. Idan sun fara haɗuwa, ka soke wannan rauni ka ɗauki na biyu a takardar. Idan ba su haɗu ba, ka koma mataki na uku, domin mai yiwuwa abin da ka ɗauka ƙarancin maimaici ne rashin sani ne, kuma wanda zai zauna da kai ya nuna maka ƙa'idar kake buƙata kafin ka ƙara wasu makonni shida.